Majanyi a Ƙugun Ari

A shekarar da Baturen gona ya kawo jirgin sama marar inji Haɗejiya, ruwa ya janye da wuri, fadama ta bushe bayan yankan shinkafa. Jirgin ba ya iya tashi da kansa. Mota ce ke jan sa da doguwar igiya, mutum guda kuma ya riƙe bakin fiffike yana gudu don kada ya taɓa ƙasa, in ya daidaita ya saki.

Gumsu tana wurin ranar da abin ya sami Buba, wanda ya fara wannan aiki. Da babbar riga ya zo, saboda dattawan gari suna kallo. Ya saki fiffiken, amma rigar ta maƙale a wani ƙarfe da ke bakinsa. Jirgin ya ja shi a ƙasa, ya juya, ya kafa hanci a tsagar ƙasa. Bature ya fito da jini a goshi, Buba kuwa tun daga ranar nan, da sanda yake tafiya.

Da aka gyara jirgin sai aka ce Ari mijin Gumsu ne zai riƙe, kuma ya zo da 'yar shara. Ya amsa. Amma da safiyar ranar kawunnansa suka iso daga Birniwa don kallo, sai ga shi ya ɗauko shuɗiyar rigarsa ta Juma'a. Gumsu ta roƙe shi kada ya sa ta, ya ce ba zai tsaya gaban iyayensa kamar ɗan dako ba, ai zai naɗe ta a kafaɗa. Ta tuna masa Buba ma naɗewar ya yi. Ya sa takalmi ya fita.

Ta goya 'yarsu Ma'u ta bi bayansa. Ta tarar Bature ya shige jirgi, direba ya ta da mota can nesa, iska kuma tana ta kaɗa rigar Ari. Ba ta taɓa ratsa taron maza ba, amma ranar ta ratsa. Ta kwance majanyi, ta miƙa yarinyar ga maƙwabciyarta Yakaka, ta nufi jirgin.

"Maigida, ɗaga hannu."

"Ke Gumsu, a gaban mutane?"

"A gaban mutanen aka ja Buba."

Ta tattare rigar tun daga kafaɗa, ta naɗe masa a ƙugu, ta zagaya majanyin ta ƙulle tamau, irin ƙullin da ake wa goyo in za a tsallaka ruwa. Dariya ta ɓarke. Wani abokin wasansa ya ce, "Ari, yaushe ka haihu ba mu ji suna ba?"

Gumsu ta ji kunya kamar ta nutse. Sai babban kawunsa, Fannami, ya nuna da sanda ya ce, "Ja da kyau, 'yata. Ga wani gefen rigar can ya leƙo."

Ta cusa shi, ta koma.

Igiya ta miƙe, jirgi ya zabura, Ari na gudu. Iska ta bugo fiffiken, ƙarfen nan ya goge shi a kafaɗa, daidai inda rigar za ta kasance. Ƙarfen bai sami abin kamawa ba, ya wuce. Jirgin ya ɗaga, ya yi sama, ya saki igiya, ya shiga shawagi bisa kogi. Yakaka ta rangaɗa guɗa, mata suka karɓa.

Ari ya dawo yana haki, yana dariya, yana kokawa da ƙulli. Ya ce ta zo ta kwance shi. Gumsu ta karɓi 'yarta ta saɓa a kafaɗa, ta ce ai ta ji za a sake tashi bayan azahar, ya zauna a haka tukuna.