Ruwan Gabas

A kakar shekarar korona, Meshach abokin ɗakina ya zama mai hasashen yanayi na garinsu, wani ɗan gari a kudancin Kaduna, alhali yana zaune a hawa na sha biyu a unguwar Taman Melati ta Kuala Lumpur. Lissafin kuɗi yake karanta. Ko lema ba ya iya tunawa da ita.

Mahaifinsa ne ya naɗa shi. Tsohon manomin citta ne, ya haƙe gonarsa ya tara a ɗaki, saura a tsaga a shanya a kan dutse. Citta kuwa in ruwa ya taɓa ta a shanya ta yi fumfuna, in ta daɗe a jibge ta ruɓe. Ita ce abincin gidan na shekara.

Hujjar tsohon mai sauƙi ce. Tun yana yaro, duk hadarin da ya taɓa gani daga gabas yake tasowa. An kuma gaya masa Malesiya can ƙuryar gabas take. Saboda haka duk ruwan da zai sauka a garinsu sai ya bi ta kan ɗansa tukuna.

Kullum da safiyarsu, la'asar ɗinmu, sai waya ta yi ƙara.

"Meshach, an yi ruwa a wajenku?"

"Ana yi yanzu haka, Baba."

"To, yana hanya ke nan. Ba za mu shanya ba."

A Nuwamba kuwa babu ranar banza da Kuala Lumpur ba ta jiƙa. An hana fita, ko abinci sai dai mu yi tapau, wato a ƙunshe mana, a shagon ƙasa mu hawo, don haka ba mu da aiki sai kallon ruwa ta taga. Meshach ya yi bayanin teku, ya yi na nisa. Tsohon ya saurara tsaf, sannan ya ce ai shi ma Meshach, duk da nisan, jirgi ya kai shi.

Maƙwabta ma suka fara jiran labari. Wasu masu wake suka fasa shanya.

Na ce wa Meshach, "Ka ce masa ruwan ya ɗauke mana. Mene ne a ciki?"

Ya ce bai taɓa yi wa Baba ƙarya ba. Na san ba wannan ne kawai ba. Shekara uku muna ɗaki ɗaya, ban taɓa jin tsohon ya kira shi ba sai bana. Da, sai dai a ce Baba na gaisuwa. Yanzu bayan rahoton ruwa har yakan tambaye shi abin da ya ci, kuma Meshach kan wuni yana murmushi.

Sai ƙanwarsa Ƙauna ta kira, ta ce sama tas take a gida tun makonni, kuma cittar ƙasan tarin ta fara wari.

Ranar Meshach ya rufe tagogi, ya shige banɗaki don kada a ji tsawa. Ina jinsa ta ƙofa.

"Baba, ya ɗauke. Rana ƙwal. Ku shanya."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Madalla, Allah ya yi maka albarka. To, ka huta da damun da nake maka. Sai damina ta zagayo zan neme ka."

Citta ta bushe lafiya, in ji Ƙauna. Wallahi Meshach ya ba ni tausayi. Washegari da la'asar aka tsuge da ruwa kamar kullum, Meshach ya ajiye wayarsa a bakin taga, ya zauna kusa da ita har aka ɗauke.