Daga Gindin Dabino Zuwa Gure

…kai kuma ba ka gani ba, Yaya Aisami. Kwana arba'in da uku da muka kai ka makwanci, sai yau Majo Burahima, ma'aikacin jinya, ke miƙo mini salularsa a bencin gidan likita — Inna na ciki ana yi mata awon jini — wai in ga bidiyon abin da nasara, Turawa, suka yi.

Wani mutum ne, siriri, a keken guragu. Shekara da shekaru bai taka ƙasa ba. Sun tsaga bayansa, sun shimfiɗa 'yar waya a kan lakar gadon bayan, sun binne batiri ƙarƙashin fata… a danna, kuran, wutar lantarki, ya shiga, ƙafa ta ɗaga. Ga shi tsaye, riƙe da ƙarfe, yana karkarwa kamar ɗan raƙumin da aka haifa yanzu.

Ina kallo. Ban ji komai ba. Ƙuda na yawo a kan gilashin.

Da Faransanci ake bayanin, nawa kuwa na ɗan aji biyar ne, kalma ɗaya cikin huɗu nake tsinta. Majo ke cike mini sauran: saƙon da ke saukowa daga kai ne ya yanke a hanya, ƙafafun suna nan suna jira, kuran ke tashe su. Jira? Shekara biyu ina juya ka a tabarma, ina wanke gyambon kwankwasonka, ina ɗaga ƙafafun nan kamar itacen girki — ashe jira suke?

Babu shi a Damagaram, in ji shi. Babu a Yamai. Can ɗin ma gwaji ake yi. To shi ke nan, me ya rage…

Sai ya ƙara, yana maida salula aljihu, ba ma ni yake kallo ba: wanda ya faɗo daga sama ba a tada shi zaune. A kan ƙyaure ake ɗaukarsa, a miƙe. Da yawa ba faɗuwar ke gama su ba, ɗaukar ce.

Kwarin dabino. Rana tsaka. Igiya ta tsinke, ka zo ƙasa da wuƙa a hannu. Ni kaɗai ne a wurin. Na yi abin da kowa ke yi — ruwa a fuska, na kama hammata na zaunar da kai. Na ɗora ka a moto, babur ɗin nan, na ɗaure ka a bayana da rawaninka kamar goyo, sai asibitin Gure. Kowa ya yaba. Inna har gobe faɗi take, ba don Isa ba da can zai cika.

A gindin dabino kana shure yashi, Yaya. Da ƙafa biyu. Na gani da idona. Har faɗa kake mini wai na bar dabinonka a rana.

Tudun yashi na uku, inda moton ya yi sama ya dira… ka ce a kunnena, Isa, tsaya, takalmana sun faɗi. Na duba ƙasa. Suna ƙafarka. Na ce maka suna nan, na ƙara wuta.

Ka sani? Duk shekara biyun nan da kake ce mini sannu in na juya ka — ka sani kuwa?

Ga Inna ta fito tana gyara mayafi, wai jinin ya sauka. Ina karɓar takardar magani daga hannunta, ina ninke ta biyu, huɗu. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.