Ranar da Muka Miƙa Baba Dantong

Ƙarar kofin silba da ya faɗi ce ta sa na ɗage ƙafa daga keken ɗinki. Bango ɗaya ya raba shagona da ɗakin Baba Dantong, bangon da ko tari ba ya ɓoyewa. Na kasa kunne in ji ya ce, "Ba komai, Tela," kamar yadda ya saba in ya yar da abu. Shiru. Na watsar da rigar da ke hannuna na fita ko takalmi babu.

A ƙasa na same shi, tsakanin gado da teburin littattafansa, shayi ya malale har ƙarƙashin kujera. Safiyar Juma'a ce, wajen ƙarfe sha ɗaya, ruwan Agusta yana ta yayyafi a kan kwano.

"Baba! Ni ce, Ummusalma."

"Tela," ya ce da ƙyar, "ka zo?"

Shekara hamsin bawan Allahn nan yana wa'azi da Hausa, amma kowa "ka" ne a bakinsa, mace da namiji. Na zauna na ɗora kansa a cinyata. Jikinsa ya yi sanyi, gumi kuwa kamar an watsa masa ruwa.

Baba Dantong tsohon mai bishara ne, kuma shi kaɗai ne Kirista da ya rage a layinmu na unguwar Rikkos, a Jos. Tun bayan rikici sauran suka kwashe suka koma tsallaken ƙaramar gadar da ke ƙarshen unguwa, Musulmin can suka dawo nan. Ɗansa Mwadkon ya yi lallashi, ya yi faɗa, tsohon ya ce shi da matarsa suka aza tubalin gidan nan, ba inda za shi. Kowace Laraba da ƙarfe huɗu, dattijai shida ko bakwai sukan tsallako su zauna a kan dogon bencinsa su yi binciken Littafi Mai Tsarki. Muna da yarjejeniyar da ba wanda ya taɓa furta ta: ni nakan tsayar da keke daga huɗu zuwa biyar don kada ƙara ta dame su, shi kuma ba sa ta da waƙa sai an sallame la'asar a masallacin layi. To, in tela ta zauna hannu sake a jikin bango irin wannan, me za ta yi in ba sauraro ba? Haka na sha labarin Kiristocin farko ba da niyya ba, har na fi wasu ɗaliban nasa riƙewa, don biyu daga cikinsu barci ke kawo su.

Leɓensa ya motsa. Na sunkuya, na ji abin da ya faɗa sarai, ba na tantama. Daga nan ya ja numfashi biyu, na uku bai zo ba.

Ban san lokacin da bakina ya kama kalmar shahada ba. Uwata a hannuna ta cika, mijina ma haka, kuma abin da aka koya mini ke nan a gaban mai mutuwa. Sabo ne ya yi aikinsa. Ina kuka ina maimaitawa da ƙarfi, hannuwana kuma suna yin abin da suka sani: na shafe masa ido, na yage gefen ɗankwalina na ɗaure masa haɓa, na juya shi ɓarin dama ya fuskanci gabas. Na ruga shago na jawo farin yadin da na saya don ɗinkin 'yan Islamiyya na lulluɓe shi, don ban iya kallon fuskar ba.

A haka Kubra mai awara ta same ni. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi farin yadi, ta dubi gabas, ta dube ni.

"Allahu Akbar! Yaya Ummusalma, da ita ya cika?"

Ban ce e ba. Amma ban ce a'a ba, kuma nan ne laifina. Zan iya cewa kuka ne ya toshe mini maƙogwaro, sai dai ba shi kaɗai ba ne. Shekara ashirin ina yi wa tsohon nan wannan fata a sujada. Da Kubra ta faɗa, sai na ji daɗin jin sa, ko da na minti ɗaya ne. Kafin in share hawaye ta ɓace.

Magana zarar bunu ce, bare ta faɗa bakin Kubra. Rabin awa ba a yi ba ƙofar gidan ta cika. Ina jin kabbara daga bakin titi. Wani ya leƙo ta taga ya ɗauki hoto da waya. Sai ga Musaddiq mai walda, ƙato mai 'ya'ya huɗu, idonsa jawur, shi da mutum uku sun ɗauko makara daga masallaci sun jingine ta a bangon shagona.

"Yaya, Allah ya biya ki," ya ce. "Wallahi na san Baba ba zai tafi haka ba. Mutumin da ya koya mini karatun boko a ƙofar nan? An aika a haƙa kabari. Ana sallame Juma'a za a sanar, duk Rikkos za ta raka shi."

Na buɗe baki ke nan wayar Baba ta kama ƙara a kan tebur. Sunan Mwadkon ne a jiki. Na ɗauka.

"Maman Amatullahi?" Muryarsa ba ta tashi ba, shi ya fi ba ni tsoro. "Wane hoto ne nake gani a waya? An ce Baba ya mutu. An ce kun sa masa likkafani."

"Mwadkon, ka saurare ni."

"Babana ya yi shekara hamsin yana bishara. Ba wanda zai binne shi a wurinku. Muna bakin gada, yaran coci sun cika nan, ba na iya riƙe su. Kun ji?"

Ya kashe. Na san gadar nan, na kuma san abin da ta gani a shekarun baya. In aka ɗaga makarar can bayan Juma'a da ɗaruruwan mutane, su kuma na tsallake suka shigo karɓar gawa, ba Baba kaɗai za a binne ranar ba.

Na tsaya a tsakiyar ɗakin. Idona ya faɗa kan allon da yake rubuta wa ɗalibansa darasi, alli bai goge ba tun Laraba. Abin da ke jiki labarin da ya fi ƙauna ne, na wani dattijon shugaban ikkilisiya a zamanin Romawa, Polikaf ko Folikaf, sunan bai taɓa zama daidai a bakina ba. An ce masa ya musanta Ubangijinsa a sake shi, ya ce shekara tamanin da shida yana bauta masa, ba yau zai fara butulci ba, aka kashe shi. Duk shekara sai Baba ya maimaita, duk shekara kuma a wuri ɗaya muryarsa ke karyewa. Ba wurin kisan ba. Wurin da aka hana mutanen dattijon gawarsa, sai ƙasusuwa suka tsinta daga toka. "Ka hana mutane gawar ubansu," yakan ce yana buga tebur, "ka kashe shi sau biyu ke nan."

Sai aka dare a ƙofa. Malam Ishaku, limamin masallacin layi, ya naɗe lemarsa ya tsaya a bakin ɗaki. Ya riga ya sa rigar Juma'a. Mutum ne da ba ya gaggawa ko gobara ake.

"Ummusalma, an ce ke kaɗai ce a kansa."

"Ni kaɗai ce, Malam."

"To, fito nan inda kowa zai ji. Da kunnenki kika ji ya faɗi kalma?"

Na fito. Yayyafi yana sauka a kaina, ɗankwali a yage. Fuskoki kusan hamsin, duk na sani, rabinsu ni na ɗinka abin da ke jikinsu. Kubra ta matso ta kama hannuna.

"Ai leɓensa ya motsa, ko Yaya? Ki tuna da kyau."

"Ya motsa," na ce.

Kabbara ta fara tashi. Na ɗaga murya har maƙogwarona ya yi zafi.

"Ku tsaya! Kalmar da Kubra ta ji, ni na faɗe ta, ba shi ba. Ni na juya shi gabas, ni na rufe shi da yadin shagona, don haka hannuna ya saba. Shi abin da ya faɗa daban ne."

"Me ya ce?" in ji Malam.

"Cewa ya yi, 'Yesu, ga ni.' A kan addininsa ya cika."

Wani daga baya ya ja tsaki. Wata murya ta ce tsoro ne ya sa na canza magana, wata ta ce an kira ni a waya an saye ni. Musaddiq ya tako har gabana, jijiyar wuyansa a tsaye.

"Yaya, me zai rage ki da kin yi shiru? Da mun yi masa sallah, da mun roƙa masa. Kin san irin son da nake wa mutumin nan?"

"Na fi ka son sa, Musaddiq. Ni na fi kowa so a ce gaskiya ne. Amma ba zan yi wa gawa ƙarya ba, ba kuma zan tsaya gaban Allah da shaidar zur ba."

Malam Ishaku ya dubi agogonsa, ya dubi makarar.

"Shaida ɗaya ce, kun kuma ji ta. A mayar da makara masallaci. A aika wa masu haƙa su dakata. Wanda ya sa hoton nan a waya, ya sauke shi yanzu ina kallo." Ya juyo gare ni. "Mutanensa fa?"

"Suna gada, Malam. Sun ce sun ga likkafani."

"To, kafin a kira sallah ya kamata ya isa hannunsu. Mota ba za ta yarda ta shigo ba yanzu."

Na koma ɗaki. In suka hango farin yadi yana tahowa a kafaɗar Musulmi, ba wanda zai tsaya jin bayani. Na buɗe akwatin da ke ƙarƙashin gado. Na san abin da nake nema, don ni na yi masa kalmasa da hannuna: zanen zumuntar matan coci na marigayiya matarsa, mai launin da ko daga nesa kowane Kirista a Jos zai gane. Na janye farin yadin na shimfiɗa zanen a kansa. Na ɗauki Littafinsa mai rigar baƙin yadi, ita ma ɗinkina ce, na ɗora masa a ƙirji.

A kan bencin Laraba muka ɗora shi. Mutum uku suka kama, kusurwa ɗaya ta rage. Ba wanda ya motsa. Can Musaddiq ya share fuska da bayan hannu, ya ture na kusa da shi, ya sa kafaɗa a gaba. Bai dube ni ba.

Mace ba ta bin gawa a wurinmu, amma ranar na bi, Malam kuma bai hana ni ba. Shi ne a gaba da lemarsa a naɗe, ni a gefen benci ina dafe da Littafin kada ya zame. Masu shago suna ta jan ƙofofi. Da muka karyo kwana na hango su, sun cika tsallaken gada, wasu da sanduna, wasu hannu a bayan riga. Sai na ji muryar wata tsohuwa daga can ta ce, "Zanen zumunta ne! Zanen Mama ne!" Hayaniyar ta fara kwanciya daga gaba zuwa baya.

A tsakiyar gada aka sauke bencin. Mwadkon ya tako shi kaɗai. Ya durƙusa ya ɗaga zanen, ya daɗe yana kallon fuskar. Ya taɓa tsumman da ke haɓar.

"Wa ya rufe masa ido?"

"Ni ce. Ɗankwalina ne wannan. Farin yadin ma ni ce, kuskurena ne, ka yafe mini."

"Ya yi magana?"

Na gaya masa kalmomin nan uku, yadda na gaya wa mutanen layinmu. Ya kifa goshi a gefen bencin, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma na kasa riƙewa.

"Ga dattijonku nan," na ce. "Ba ƙasusuwa muka kawo muku ba."

Ya ɗago ya dube ni, ya san labarin, a kansa ya girma. Ya yafito mutum huɗu. Musaddiq bai saki kusurwarsa ba sai da ya tabbata na tsallake ya riƙe da kyau. Muna juyowa ladan ya ta da kiran sallah.

Sati uku Baba ya yi a mutuware kafin su binne shi a ƙauyensu, yadda suke yi. Kubra ta yi wata guda ba ta gaishe ni ba, mata biyu kuma suka karɓe ɗinkinsu ba a gama ba. Bencin, Mwadkon ya aiko da shi a mota, ya ce a bar shi a layin. Yana nan a ƙofar shagona, masu jiran ɗinki ke zama a kai.

Larabar da ta biyo baya ina tsakiyar haɗa hannun wata riga, sai na ji keken ya yi shiru. Na duba zare, lafiya lau. Na duba allura, ba ta karye ba. Ƙafata ce ta sauka daga kan feda da kanta. Na ɗaga kai na dubi agogon bango, ƙarfe huɗu daidai. Na bar rigar a ƙarƙashin allura, na jingina da bangon, na zauna har biyar.