Albashin Jibirin da Makkar Inna Kulu

Shekara ashirin da uku Jibirin ya yi yana sayo wa wani kamfanin noma kaya a garin Sinja: iri, taki, buhuna, har tayar tarakta. Miliyoyi sun bi ta hannunsa. A ƙauyensu kuwa an daɗe da yanke hukunci cewa ko dai yana ɓoye dukiya, ko kuma wawa ne. Su dai ba su taɓa ganin mahauci da miyarsa ba nama ba.

Shi da buhun dawa yake auna albashi, don takardar kuɗi ba ta da amana. An ba shi fam, aka mayar da shi dinari, aka sake dawo da fam. Albashinsa na farko buhu tara ya saya. Ranar ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, Inna Kulu, ya yi alkawarin kai ta Makka. Kakansa da niyyar Hajji ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin da ke kusa da Sinja, ya tsaya noman shekara ɗaya. A nan aka binne shi.

Girma ya ƙaru, aka ba Jibirin tebur da fanka, albashi ya koma buhu uku. Kujerar Makka kuwa kullum gaba take yi.

Shekarar da gwiwoyin Inna suka fara ƙin tashi, wani dillali, Ladan, ya kawo irin alkama buhu ɗari huɗu. Jibirin ya soka ƙarfe a buhu kamar yadda ya saba, ya tauna ƙwaya, ya ji gari. Ƙwaro ya riga ya cinye cikinta. Ladan ya rage murya, ya ce sa hannu kawai ake so, kuma ya ji tsohuwa na son sauke farali. Jibirin ya daɗe riƙe da biro, ya so ƙwarai. To amma gonakin da za a zuba irin nan ya san masu su ɗaya ɗaya, har da ƙanensa. Ya mayar da motar da ta kawo irin. Ko daɗi bai ji ba, gajiya ce kawai ta rufe shi.

Da ya yi ritaya, sai da ya yi wata goma yana zirga-zirga kafin kuɗin sallama su fito. Ya buga lissafi sau uku. Za su kai mutum biyu Sawakin, bakin tekun da ake ƙetarewa zuwa Makka, su dawo da su. Jirgin ruwa da abin da ke bayansa, babu.

Ya zauna gefen tabarmarta ya faɗa mata, kansa a ƙasa, kunya kamar ta kashe shi. Tsohuwa ta jima tana murza gwiwa.

"To mi aka jira? Kai ni Sawakin ɗin," in ji ta. "Kakanka nan ya tsaya. Ni in tsaya bakin ruwa, ɗiyanka su ƙarasa."