Hannun Shekari

Darakta bai ko ɗaga kai ba da ya turo wa Ezekiel rahoton ta kan tebur.

"Na karanta shafi uku ban gane abin da kake so in yi ba. Shekari ba maƙwabcinka ba ne? Kai masa ya duba."

"Yallaɓai, mutumin nan yana kwance fa."

"Ƙodarsa ce ta lalace, ba ƙwaƙwalwarsa ba."

Ezekiel ya fito ransa na tafasa. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki shi da Shekari a sashen duba makarantu, karatunsu ɗaya, gidajensu a Barnawa katanga ce kawai ta raba. Amma in Shekari ya rubuta shafi guda, kafin wata ya ƙare an kai siminti. Shi kuwa nasa, da gabatarwa da tarihi da Turanci mai nauyi, sai ya tarar an ɗora kofin shayi a kai. Da ciwo ya kwantar da Shekari aka ba Ezekiel riƙon kujerarsa, ya ɗauka lokacinsa ya zo. Ashe har a gadon ciwo sai an nemi bakin Shekari.

Da yamma Damaris, matar Shekari, ta buɗe masa ƙofa.

"Sannu da zuwa, Baban Gloria. Sai dai ba ya daɗewa a farke."

Ɗakin na warin magani, ba wuta, fanka a tsaye. Shekari ya rame har wuyan singiletinsa ya yi masa yawa, ƙafafunsa kumburarru a kan filo.

"Ɗan'uwa, an aiko ka ko?" Ya yi ɗan murmushi. "Karanta in ji."

Ezekiel ya gyara murya ya fara da shekarar da aka kafa makarantar, wata firamare a bayan Kakau. Bai gama shafin farko ba ya ji numfashin Shekari ya canza. Barci! Ya dubi mutumin, ya ji kamar ya naɗe takardun ya maka masa. Ko yana mutuwa sai ya raina masa aiki.

Can Shekari ya buɗe ido. "Ina muka tsaya?"

"Gabatarwa."

"Ezekiel, numfashina ba zai kai ƙarshen gabatarwa ba. Me ka gani a can?"

"Gara ta cinye katakon rufin aji biyu," in ji Ezekiel a fusace. "Yara na zaune a ƙarƙashi, ga damina ta kusa."

"Me za a yi?"

"A kwashe su zuwa cocin da ke kusa, a sauke rufin kafin ruwan farko."

"To me ya rage kuma?" Idanun suka sake rufewa.

Washegari Ezekiel ya zauna ya rubuta shafi ɗaya, shi kaɗai, kowace kalma tasa. Da ya karanta, shi kansa ya san bai taɓa yin mai kyau haka ba. Kafin a tashi aiki Darakta ya sa hannu, aka tura mota Kakau.

"Ka ga hannun Shekari ko?" in ji Darakta yana kaɗa takardar. "Mutum yana kwance, amma dubi aiki!"

Ezekiel ya juya ya koma teburinsa.

Ranar Asabar da hantsi kukan Damaris ya tsallako katanga.

A wurin makoki kanofi ya cika layin har ƙofar gidan Ezekiel. Da zumuntar matan coci suka gama waƙa, Darakta ya karɓi makirfo ya ce zai karanta aikin marigayi na ƙarshe, wanda ya fitar da yara daga ƙarƙashin ruɓaɓɓen rufi. Ya karanta tsaf daga sama har ƙasa. Mutane na gyaɗa kai, wata na share hawaye da bakin zani. Ezekiel na zaune da farantin shinkafa a cinya, leɓɓansa na bin kalmomin tun kafin Darakta ya furta su.

Damaris ta same shi bayan an yi addu'a, ta riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Baban Gloria, Allah ya saka. Ran nan da ka tafi ya ce mini yau ya yi aiki."

"Allah ya ba shi hutawa," in ji Ezekiel. Da gaske yake, amma zancen shafin nan bai bar ransa ba.

Da jama'a suka watse ya ɗauki bencin da aka ara a gidansa ya nufi gida. A ƙofarsa ya tarar matasan coci sun manna hoton sanarwar rasuwa, Shekari cikin kwat ɗinsa na ofis yana murmushi. Gefe ɗaya ya ɗago, iska na kaɗa shi. Ezekiel ya daɗe a tsaye da benci a kafaɗa. Sannan ya sa babban yatsa ya danne gefen har ya kama.