Hadarin da Bunu Bai Gani Ba

Duk wanda ya saba shiga layin masu kifi a kasuwar Azare ya san Bunu, ko bai san sunansa ba ya san muryarsa. Dogon tsoho ne da zanen Barebari a kumatu, kullum yana zaune a bayan kwalayen banda yana korar ƙuda da mafici. Mutumin Baga ne. Tashin hankalin da ya watsa mutanen bakin tafki shi ya kawo shi nan tare da matarsa Ya Fanna da 'yarsu Halimatu Sadiya. Suka kama haya a bayan tasha da niyyar kwana biyu, ga shi har furfura ta gama cin gemunsa ba su koma ba.

A can Tafkin Chadi, Bunu ba ƙaramin mutum ba ne. Idan bazara ta kai ƙarshe, lokacin da hadarin farko ke tasowa daga gabas da iska mai kifar da jirgi, masunta ba sa kwance igiya sai sun ji ta bakinsa. Zai fito bakin ruwa ya dubi sama, ya shaƙi iska, ya ga yadda tsuntsaye ke tashi, sai ya ce a shiga ko a haƙura. A Azare kuwa babu jirgi babu taru, sai labari. Shi ma labarin, Allah ya sani, 'yan kasuwa sun haddace shi.

Mutum ɗaya ne ya rage da ke tambayarsa sama, wato surukinsa Babakura, mijin Halimatu. A jirgin Bunu ya koyi sana'ar kamun kifi tun yana ƙarami. Da abubuwa suka ɗan lafa sai ya koma tafki, sai dai ya leƙo su lokaci-lokaci, yanzu haka matarsa na gidan iyayenta tana goyon ciki. Duk ranar da zai shiga babban ruwa sai ya hau wani tudu inda ake samun sabis, ya kira Baba ya nemi addu'a, ya kuma ji abin da zai ce.

Ranar da abin ya faru, tun da hantsi zafi ya kai intaha. Bunu na cikin jera tarwaɗa sai ga Reuben ya tsaya da mashin ɗinsa. Maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba su, mutumin kudancin Bauchi da ke aiki a ofishin gona. Matarsa Gloria ce ta aiko shi sayen kifin miya.

"Baba Bunu, gara da na same ka," in ji Reuben yana laluben aljihu. "Saƙon hasashen yanayi da ake turo mana ya shigo da safen nan, har da na wajenku. Sun ce yau bayan azahar akwai hadari mai ƙarfi a kan tafki, da iska da tsawa. Sun ce masu ƙananan jirage kada su yi nisa da gaɓa. Na ce bari in faɗa maka saboda mijin Sadiya."

Da a ce a ƙofar gida ya faɗa masa, su biyu, da wataƙila labarin ya canja. Amma a tsakiyar kasuwa ne, kuma Jaji mai albasa yana zaune a gefe, mutumin da bakinsa ba ya hutawa.

"To fa!" in ji Jaji yana tafa hannu. "Jama'a ku zo ku gani, yau an tuɓe sarkin ruwa! Waya ta karɓi rawani. Bunu, sai ka koma sayar da kati."

Aka fashe da dariya. Bunu ya ji abin har cikin ƙashinsa. Ya ajiye mafici, ya miƙe a hankali, ya fita daga rumfa ya tsaya a rana. Ya kare ido da tafin hannu ya dubi gabas. Sama fes, ko ƙyallen gajimare babu. Ya buɗe hanci ya ja iska, ya ɗebi ƙasa ya saki ya ga inda ta nufa. Mutane suka yi tsit suna kallo, shi kuwa daɗi ya kama shi, don rabon da a kalle shi haka an daɗe.

"Ko ɗigo," in ji shi. "Malam Reuben, waɗanda suka rubuto maka wannan sun taɓa jiƙa ƙafarsu a tafki? A ɗaki mai sanyi suke zaune."

"Ni dai na isar, Baba," in ji Reuben. Ya karɓi kifinsa ya tayar da mashin.

Ƙurar mashin ɗin ba ta gama kwanciya ba wayar Bunu ta yi ƙara. Babakura ne. Bunu ya danna ya buɗe murya don kowa ya ji. Suka gaisa da Barbarci, sannan ya juya zuwa Hausa saboda 'yan kallo.

"Baba, yau muna so mu shiga ciki, wajen babban ruwa. Kifin ragon ruwa ya taru a can. Na ce in ji ta bakinka."

"Ku shiga," in ji Bunu, idonsa a kan Jaji. "Na duba. Garau take. Allah ya ba da sa'a."

"To, Baba. Amin."

Bai ce masa komai ba game da saƙon Reuben. Maganar ta zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta.

Bayan la'asar, kasuwa ta fara sanyi, sai Sherif ya kira, direban da ke kawo masa kaya daga Maiduguri.

"Baba Bunu, kada ka sa ran kaya jibi. Ba ka ji ba? An yi wata irin iska a tafki ɗazu, waɗanda suka fito daga Baga sun ce ba su taɓa ganin irinta ba. Rana tsaka gari ya yi duhu. Jirage sun kife, har yanzu ba a san waɗanda suka fita da waɗanda ba su fita ba."

Bunu ya riƙe wayar a kunne bayan Sherif ya kashe. Ya ɗaga kai. Saman Azare na nan yadda ya bar ta da safe, fes, shaho ɗaya na shawagi a kan mahauta. A nan ne abin ya faɗo masa. Wace sama ya duba? Tsakaninsa da tafki tafiyar yini ce cur a mota, a wuce Potiskum, a wuce Damaturu, a wuce Maiduguri. Iskar da ya shaƙa, hayaƙin mai tsire ne da ƙurar 'yan acaɓa. Shekara da shekaru yana tsayawa a ƙasar Katagum yana yanke wa ruwan Baga hukunci, kuma Allah yana rufa masa asiri, shi kuwa yana ɗauka gwaninta ce.

Ya kira lambar Babakura. Ba ta shiga. Ya sake, ya sake. Jaji, da ya ji komai, ya sunkuyar da kai yana tsince ɓawon albasa. Wallahi da ya yi masa tsiya da ya fi masa sauƙi.

Da ya isa gida ya tarar da Halimatu a tsakar gida tana tankaɗe, ta miƙe ƙafafu saboda nauyin ciki. Ta yi masa sannu da zuwa da fara'arta, ta kawo masa ruwa a kwanon sha. Ya karɓa bai dube ta ba. Aka kawo burabusko da miyar kuka, abincin da ba ya yi wa wasa, ya taɓa loma biyu ya rufe. Ya Fanna ta dube shi ta gefen ido ta ƙyale shi. Ta san mijinta, in aka matsa masa sai ya ƙara shigewa ciki.

Da gari ya waye ko a masallaci a sahun baya ya tsaya, ana sallamewa ya sulale don kada ya haɗu da kowa. Ya dawo ya zauna a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ya kira matarsa da 'yarsa.

"An yi iska a tafki jiya," in ji shi. "Jirage sun kife."

"Mun ji, Malam," in ji Ya Fanna. "Matar Sherif ta aiko tun jiya. Mun ga ranka a ɓace ne muka ƙyale ka."

"Baba, kada ka damu," in ji Halimatu da sauri. "In Allah ya yarda bai shiga ba. Tun da sassafe Maman Promise ta leƙo ta katanga ta faɗa mini abin da aka turo wa maigidanta. Nan take na tura masa saƙon murya, kuma na ga alamar ya buɗe. Sabis ne kawai ya ɗauke."

Maman Promise ita ce Gloria. Ashe abin da ya sa yarinyar ta kwana da hankalinta kwance ke nan. Bunu ya dubi tabarma. Zai iya yin shiru a nan, babu wanda zai tuhume shi a cikin gidan. Amma rabin layin masu kifi sun ji shi da kunnensu, kuma maganar kasuwa ba ta kwana biyu ba ta shigo gida ba.

"Ya kira ni da hantsi," in ji shi. "Bayan saƙonki ke nan. Na ce masa ya shiga."



"Reuben bai same ka ba?" in ji Ya Fanna.

"Ya same ni."

"Ya faɗa maka?"

"Ya faɗa mini."

"Innalillahi. Malam, da girmanka? Da me ka gani? Daga rumfar kifi?"

Halimatu ba ta ɗaga murya ba, ba a yi mata irin wannan tarbiyya ba. Ta dai dube shi, abin da ba ta saba yi ba, ta ce, "Baba, ai ka san ba ya ƙetare maganarka." Ta dafa bango ta miƙe da ƙyar, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Haka Bunu ya zauna a wurin, rana ta taso ta cinye inuwar da yake ciki bai matsa ba. Bai fita kasuwa ba. Yana jin Ya Fanna a ɗaki tana rarrashi da Barbarci, yana jin shessheƙar 'yarsa. Yana ta ganin Babakura yana ƙarami, ranar da ya fara damƙa masa filafilin tuƙa jirgi, hannuwan ko zagaye shi ba sa yi. Shi ya koya masa cewa maganar babba a kan ruwa ba a musu da ita. Da bakinsa ya koya masa.

Ana gab da kiran azahar wayar ta yi ƙara a kan tabarma. Sai da ta kusa katsewa sannan ya ɗauka.

"Salamu alaikum, Baba."

Labulen ɗaki ya yaye. Muryar Babakura ce, Bunu ya danna ya buɗe ta don su ji.

"Baba, kana ji na? Ni ne. Lafiyata ƙalau. Iska ce ta lalata sabis, sai yanzu ya dawo." Sai ya yi jim. "Baba, ka yi haƙuri. Ban shiga ba jiya. Injin ne ya... ya ƙi tashi. Na yi ta fama da shi."

Ya Fanna ta zube a ƙasa tana hamdala. Bunu kuwa ya rufe ido. Ya san Babakura tun bai iya ɗaure wando ba, ya san yadda muryarsa ke yi in yana ƙarya, sai ta sirance kamar ta mai mura. Ga mutum ya tsira da ransa, amma shi ne ke ba da haƙuri, har yana ƙaga wa inji ciwo don kada tsoho ya ji kunya.

"Babakura."

"Na'am, Baba."

"Injin nan lafiyarsa lau."

Ana jin hayaniyar mutane a bayan Babakura da kukan wata mata daga nesa.

"An faɗa mini akwai hadari tun kafin ka kira," in ji Bunu. "Na ɓoye maka, don ana yi mini dariya a kasuwa. Ka ji abin da surukinka ya yi. Kai ne za ka yafe mini."

"Haba Baba, don Allah ka daina. Haba."

"Su wa aka rasa?"

Babakura ya ambaci jirage biyu da har yanzu ba a gani ba. Bunu ya san iyayen waɗanda ke ciki, ya san kakanninsu. Ya tambaya, da ƙyar, ko sun ji abin da ya faɗa jiya ne suka fita. Babakura ya rantse masa cewa tun asuba suka tafi, kafin ma ya hau tudu. Wannan karon muryar ba ta sirance ba.

"Yanzu za mu fita nemansu, Baba," in ji shi. Sai ya tsaya, irin tsayawar da ya saba yi yana jiran hukunci.

"Ni a Azare nake, ɗana. Ba na ganin komai daga nan. Kai ke tsaye a bakin ruwa, ka ɗaga kai ka duba, ka kuma ji abin da masu hasashe suka ce. Addu'a ce kaɗai nake da ita, ita kuwa kullum kana cikinta. Ga Sadiya."

Ya miƙa wayar. Halimatu ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, fuskarta jiƙe, ba ta dube shi ba. Ya san za a ɗauki lokaci kafin ta dube shi.

Ya zura takalmi ya fita don ta samu sakewa da mijinta. A ƙofar gida ya tsaya, rana na dukan ƙeyarsa, ya ma manta hula. Ta dama hanyar kasuwa ce, inda Jaji da sauran ke jiran jin labari. Ta hagu ƙofar Reuben, mashin ɗinsa na jingine a jikin bishiyar maina, ya dawo cin abinci. Bunu ya daɗe a tsaye yana shafa gemu. Sannan ya taka zuwa hagu, ya tsaya a bakin ƙofar, ya gyara murya har sau biyu kafin sallamar ta fito.