Inna Meifen Ta Haye Gada

"Tsaya nan, Deshan," in ji Inna Meifen. "Goyon ma ba ka iya ba, ka jijjige ni kamar buhun shinkafa."

Mijina ya tsaya a ƙololuwar gada yana haki, tsohuwar a bayansa, ni kuwa ina biye da takalmanta a hannu.

Tun da na zo garin nan muke maƙwabtaka da ita, bango ɗaya ya raba mu. Yayarta Lanzhen tana tsallaken ruwa, a gidan da aka haife su. Gadar ta dutse ce mai doro, matakalarta sun sha ƙafa har sun yi santsi. Da gwiwoyin Inna suka ƙi hawa, idanun Lanzhen kuma suka mutu, sai zumunci ya koma aike. Shekaru suka tafi a haka.

Da ciwo ya kwantar da Inna Meifen, likita ya ce babu sauran magani, mu maido ta gida kawai, sai ta ce a kai ta wurin Yaya. Deshan ya kawo kwalekwale, ta ƙi.

"Ta kan gadar nan aka kawo ni amarya. Ta kanta zan je."

Daga ƙololuwar gadar ta daɗe tana kallon rufin gidajen, da mata masu wanki a bakin ruwa. Sannan ta ce mu tafi.

Muka tarar da Lanzhen tana ɓarar wake a ƙofa. Ta shafa fuskar ƙanwarta, ta shafa wuyan hannunta.

"Kin rame."

"Ke kuma kin tsufa, Yaya."

"Da wa kika bar ni in yi faɗa? Dole in tsufa."

Suka sha shayi a kofi ɗaya. Suka yi ta gardama kan wadda ta fasa tulun mahaifiyarsu suna yara, babu wadda ta amsa laifin. Da za mu tafi Lanzhen ta riƙe hannun rigar ƙanwarta.

"Ki kwana mana."

"Wani zuwan."

A makon Inna Meifen ta cika, da hantsi, ina dama mata kunun shinkafa.

Ranar da za a fita da ita, a kwalekwale aka ɗora akwatin gawar. Na tsaya da Lanzhen a bakin ruwa ina riƙe da kafaɗarta.

"'Yata, sun iso gada?"

"Sun shiga ƙarƙashinta, Inna."

Ta karkata kunne wajen ƙarar filafili har ta daina jinta. Igiyar ruwan da suka bari ta iso matakalar da muke tsaye, ta jiƙa mata bakin takalmi. Ba ta ja da baya ba.